Babi na Biyar: Kakuri Bayan Masaƙu

Duk wanda ya tsallaka gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya bi Titin Kachia, sannan ya ratse cikin Kakuri, zai tarar da gine-ginen da babu irinsu a sauran unguwannin garin: katangu masu tsawon da sai ka gaji da bin su, manyan ƙofofin ƙarfe, tankokin ruwa can sama a kan ƙafafu, da bututun hayaƙi da suka daɗe ba su fitar da komai ba. A nan, da Makera da Nasarawa da ke maƙwabtaka da ita, Arewa ta kafa masaƙunta na zamani. A nan kuma suka durƙushe, ɗaya bayan ɗaya.

Mai kyamara ba ya rasa abin ɗauka a irin wannan wuri. Tsatsa tana da launi, fasasshen gilashi yana kama haske, itacen da ya tsiro ta tsagar bango yana jan ido. A cikin wannan sauƙin haɗarin yake. Mutum yana iya cika wayarsa da kyawawan hotuna kafin azahar, ya koma gida bai san komai game da Kakuri ba, hotunan kuma su yi wa duniya ƙarya, su nuna kamar wurin ba kowa. Abin da wannan babi ke nema shi ne yadda za a ɗauki unguwa irin wannan a fito da gaskiyarta: a san aikin da aka yi a cikin ginin, a san waɗanda suka yi shi, a kuma san inda suke a yau.

Yadda unguwar ta tashi

Jirgin ƙasa da mulki ne suka haifi birnin Kaduna. Gbagyi suna zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa, amma garin ya bunƙasa ne bayan an maido hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A kudancin kogin, layin dogo da ya taso daga Legas ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal. Ga jirgi, ga ruwan kogi wanda wanki da rini ba sa yiwuwa sai da shi, ga gwamnati kusa, ga kuma auduga a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Masaƙa ba ta buƙatar abin da ya wuce wannan.

Shekara da shekaru audugar nan gurje ta kawai ake yi, a ɗaure diloli, a loda a jirgi zuwa teku, a kai ta Lankasha a Ingila. Can za a kaɗe ta, a saƙa, a dawo mana da ita yadi, mu saya da tsada. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ƙudura a riƙa saƙa ta a gida. Ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead & Sons, aka gina Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a 1957. Akoko ta fara saƙawa, yadin talaka. Nortex ta biyo baya a 1962. A tsakiyar shekarun 1960 aka sami United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta attajirin Hong Kong Cha Chi Ming, wadda ta shahara da atamfa, da kuma Arewa Textiles wadda kamfanonin Japan suka sa wa jari. Ba masaƙu kaɗai ba: masana'antar makamai ta DICON ta zauna a Kakuri tun 1964, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a nan a 1975, daga nan 504 ta riƙa fitowa ta cika titunan Nijeriya.

Mutane suka yi ta tururuwa. Bahaushe da Banufe, Tibi da Idoma da Igala, Bajju da Atyap, Bayarabe da Ibo, duk suka tsaya a gaban inji ɗaya. Injin ba ya barci, saboda haka aka raba aiki kashi uku, na safe da na rana da na dare. Jiniyar masaƙa ce agogon unguwa. Da ita mai tuwo ke sanin lokacin ɗora tukunya, da ita mai shayi ke hura wuta, da ita mai gyaran keke ke buɗe rumfa. Masu filaye suka gina gidajen haya ɗaki-ɗaki. Ranar albashi kasuwa takan cika ta batse. Daga cikin wannan taro ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa ta yi ƙarfi, aka kafa ta a 1978, hedkwatarta a Kaduna. Adams Oshiomhole, wanda ya zama babban sakatarenta a 1982, daga baya ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya ya kuma yi gwamnan Jihar Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki.

Abin da ya tsayar da injinan

Mai hoton da bai san dalilin mutuwar masaƙa ba, zai ɗauki kango kamar ruwa ne ya ci shi ko girgizar ƙasa. Kakuri kuwa shawarwarin mutane ne suka kai ta inda take.

A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Naira ta faɗi, kuɗin kayan gyaran inji da sinadaran rini, waɗanda daga waje ake sayo su, suka ninka. A shekarar aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa mai ba shi tsaftataccen iri da tabbataccen farashi, iri ya cakuɗe, ingancin auduga ya ragu. Wutar NEPA ba ta tsayawa, sai masaƙu suka koma kan janareta. Baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi wuyar samu, alhali ga matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, 'yar tafiya kaɗan daga ƙofarsu, tana yi tana tsayawa. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi. Gwamnatin Obasanjo ta sake hana shigo da wasu yaduka, amma 'yan fasa-ƙwauri sun riga sun san hanya: daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta kan iyakokin Nijar, zuwa Kantin Kwari a Kano. Atamfar Sin mai araha, wadda sau da yawa zanen masaƙun gida aka kwaikwaya aka buga, ta mamaye kasuwa. A cikin gida ma akwai laifi, domin an bar tsofaffin injina ba sabuntawa, shugabanci kuma ya yi rauni.

KTL ta rufe a ƙarshen 2002. Arewa Textiles ta bi ta bayan 'yan shekaru. UNTL, babbarsu duka, ta rufe a 2007. Ta sake buɗe wani sashe a 2010 da rancen Bankin Masana'antu, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba. Duk wannan ya faɗo daidai lokacin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba Kaduna biyu, Musulmi da yawa suka ƙaura arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka ƙaura kudu. Wurin da ke haɗa su a gaban inji ɗaya ya rufe a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Akwai kuma bashi. Ma'aikatan KTL sun fita ba a biya su kuɗin sallama ba, suka kafa ƙungiya, suka yi ta zarya ofis-ofis shekara da shekaru, da yawa suka rasu suna jira. Elisha Renne ta Jami'ar Michigan, wadda ta yi nazarin tarihin masaƙun Kaduna tare da Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello, ta rubuta littafi guda a kan waɗannan mace-mace da halin da matan mamatan da marayunsu suka shiga. Wanda ya ɗaga kyamara a ƙofar KTL ya sani a gaban haƙƙin mutane yake tsaye.

Abin koyi daga Ditroyit da Ruhr

Wasu sun riga mu shiga wannan hali, sun kuma riga mu ɗaukar hotonsa. Ditroyit, birnin motoci na Amurka, tana da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950. A ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba. Masu hoto daga ko'ina suka yi mata ca. Wasu Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, sun fitar da babban littafin hotunan kangayenta a 2010. Hotunan suna da ban sha'awa ƙwarai, amma irin wannan aiki ya sha suka daga mutanen garin. Kukansu shi ne ana zuwa a ɗauki gidan wasan da rufinsa ya rufta da tashar jirgin da ba fasinja, a kauce wa mutum fiye da dubu ɗari shida da ke kwana suna tashi a birnin, a mai da wahalarsu abin ƙawata bango.

Camilo José Vergara, haifaffen ƙasar Chile, ya bi wata hanya. Tun shekarun 1970 yake komawa unguwannin talakawa na biranen Amurka, ya tsaya inda ya tsaya a baya, ya ɗauki gini ɗaya shekara bayan shekara. Idan ka jera hotunan sai ka ga kanti ya zama coci, cocin ya ƙone, filin ya zama wurin ajiye motoci. Hoto guda yana nuna hali, jerin hotuna yana nuna yadda aka kai ga halin.

A Jamus kuma, Bernd Becher da matarsa Hilla sun shafe shekaru fiye da 40 suna ɗaukar tankokin ruwa da murhun narka ƙarfe da hasumiyoyin ramukan kwal, a yankin Ruhr da wasu ƙasashe. Suna ɗauka daga gaba sak, a ranar da gajimare ya rufe rana, ba ado ba ƙari, sannan su jera masu kama da juna a shafi ɗaya. Aikinsu yana cikin abin da ya sa Jamusawa suka fara kallon tsofaffin masana'antu a matsayin gado. Mahaƙar kwal ta Zollverein a birnin Essen ta daina aiki a 1986, ba a rushe ta ba, a 2001 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Darasi uku ke nan: kar a share mutane daga hoto, a riƙa komawa, a kuma ɗauki gini da natsuwar da ta dace da abin da aka gina da gumi.

Bin sawun auduga

Hanya mafi kyau ta zagaya Kakuri ita ce bin hanyar da auduga ta bi. A fara daga tsohon layin dogo, kusa da tashar da ake kira Kaduna Junction. Jirgin zamani na Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, a Rigasa yake tsayawa, can wani gefen gari. Tsohon layin da ya kawo diloli yana nan kwance a kudu, kuma hotonsa shi ne farkon labarin.

Daga nan a nufi ƙofofin masaƙu. Ƙofa ta fi kowane ɓangare na ginin magana, domin nan ne dubban mutane suka shiga suka fita sau uku a rana. A duba rubutun sunan kamfani da rana ta cinye, da ɗakin mai gadi, da allon sanarwa, da ƙaramar ƙofar masu tafiya a ƙasa kusa da babbar ƙofar motoci. A ɗauke ta daga gaba, a ja da baya yadda katanga za ta tsaya a miƙe ba ta karkace ba. Sannan a juya baya ga ƙofar, a ɗauki abin da ke fuskantarta. Mafi yawan masu hoto ba sa yin wannan juyi, alhali nan rayuwa take: jerin rumfunan da aka gina don ciyar da ma'aikata, da abin da suka koma yanzu, ko shagon cajin waya, ko garejin masu Keke Napep, ko wurin walda.

Idan an sami izinin shiga, a bi aikin daki-daki: inda ake kwance diloli a sheƙe auduga, inda ake kaɗi, zauren saƙa, wurin wanki da rini da buga zane, sai sito. Ko an kwashe injinan, daɓen yana riƙe da shaidarsu, ga ramukan ƙusoshi a jere, ga tabon mai. Wanda ya ƙirga layukan nan zai gane yawan hannayen da suka yi aiki a zauren. Mafi alheri shi ne a shiga tare da tsohon ma'aikaci. Inda baƙo ke ganin fili, shi yana ganin injinsa, ya san inda fomansa ke tsayawa, ya san yadda ƙara ke hana magana har sai an koma nuni da hannu, ya san ƙurar audugar da ke shiga ƙirji.

Daga bayan masaƙa a bi magudanar ruwa. Ta magudanan Kakuri da Makera ruwan rini ya riƙa gangarawa zuwa Kogin Kaduna, kuma wannan ma ɓangare ne na gaskiya: zamanin da ake kewa yana da nasa lahani, ga ruwa da huhun ma'aikata. A ƙarasa a cikin unguwa, a gidajen haya, a Kasuwar Monday, a gaban tulin atamfar waje da ake sayarwa 'yar tazara kaɗan daga inda a da ake buga ta gida.

Haske da lokaci

Hunturu yana ba mai hoto kyautar da Becher da matarsa ke jira a Jamus. Hazo yana tausasa rana, inuwa ta ragu, kowane layi na gini ya fito sarai. Sai dai ƙura tana cutar kyamara, don haka a rufe ta a jaka, kar a sauya mata gilashi a fili. Damina tana kawo wani abu dabam: ciyawa shar a jikin jan tsatsa, baƙin hadari a bayan bututun hayaƙi. Ita ma da nata, ciyawa ta yi tsawo, macizai sun sami mafaka. Daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, haske yana zuwa ta gefe ya fito da tsagar bango da rubutun da ya dushe. Tsakar rana inuwa takan yi baƙi ƙirin ta haɗiye rabin hoto.

Waya ta isa wannan aiki. Abin da ya fi tsadar kyamara amfani shi ne ɗan littafi da biro. Kowane hoto a rubuta ranarsa, da sunan titi, da inda aka tsaya, da inda aka fuskanta. Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba, mai bincike ba zai iya kafa hujja da shi ba, mai komawa kuma ba zai san inda zai tsaya ba.

A kiyaye jiki. Tsohon rufi yana ruftawa, wasu da kwanon asbesto aka yi su, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Kar a taɓa tsohuwar ganga ko ruwan da ya kwanta a wurin rini. Kar a haura katanga, domin rufaffen gini ma yana da mai shi, kuma mai gadi yana da dalilin zargi tunda masu satar ƙarfe suna addabar irin waɗannan wurare. Kakuri ba ta mutu gaba ɗaya ba, akwai masana'antu masu aiki, DICON kuwa wurin tsaro ne, ba a ɗaga kyamara a kusa da shi. Ɗaukar hoto da jirgi maras matuƙi sai da izinin hukuma.

Sallama kafin hoto

Shiga irin wannan unguwa kamar zuwa dubiya ne: mutumin ake gaisarwa, ba a ƙura wa ciwonsa ido. A fara da mai unguwa, a faɗi ko wane ne kai, da abin da ya kawo ka, da inda hotunan za su je. A je ofishin ƙungiyar ma'aikata. A zauna a teburin mai shayi kyamara tana cikin jaka. Idan ka tarar da dattijo ka ce, “Baba, sannu da hutawa. An ce kun yi aiki a masaƙa?” sai ka saurara. Wanda ya ce ba ya so a ɗauke shi, maganarsa ta zauna. Matan da mazajensu suka rasu, ta hannun shugabanninsu ake zuwa gare su, kuma ya fi kyau mace ce ke riƙe da kyamarar.

A bar mutum ya zaɓi yadda zai fito. Idan ya ce a jira ya sa babbar riga, a jira. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tufatar da ƙasa bai cancanci a nuna shi a matsayin abin tausayi kawai ba. A tambaye shi wane sashe ya yi aiki, me ya iya, wa ya koya masa. A wanko hoton a kai masa.

A gidajen nan ne taskar gaske take. Akwai katin shaidar aiki, da takardar ɗauka, da takardar albashi, da hoton abokan aiki a bakin ƙofa, da katin ƙungiya. Akwai kuma akwatunan iyaye mata, inda turamen atamfar lefe ke kwance da sunan masaƙa a bakin zane. Injin ya tafi, abin da ya saƙa yana nan. A ɗauki waɗannan da izini, a rufe lambobi da adireshi kafin a nuna wa jama'a.

Aikin da ba ya jira

Abubuwa biyu suna ƙarewa tare. Gine-ginen suna lalacewa, ana yanka ƙarafansu a auna a sikeli, filayen kuma suna da masu so. Mutanen da suka shiga masaƙa suna samari a shekarun 1970 yanzu dattawa ne, kowace shekara suna raguwa. Idan duka biyun suka tafi ba a rubuta ba, yaron da aka haifa a Kakuri zai tashi yana zaton Arewa ba ta taɓa ƙera komai ba, cewa yadi abu ne da ke zuwa a kwantena tun fil azal. Wanda bai san an taɓa yi ba, ba zai nemi a sake yi ba, ba zai kuma tambayi wanda ya bari ya lalace ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗalibi ɗaya mai waya ba, balle ajin ɗalibai daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. A zaɓi ƙofa goma, a ɗauke su kowace shekara a wata ɗaya. A zauna da tsofaffin ma'aikata, a naɗi muryarsu tare da hotonsu. A ajiye kwafi inda zai tsira, irin Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a ba ƙungiyar ma'aikata nata kwafin. Baje kolin farko kuma a yi shi a Kakuri, domin masu labarin su ne suka fi cancanta su fara gani, su kuma gyara inda aka yi kuskure.

Da wannan ma'auni za mu shiga Bompai da Sharaɗa da Challawa a babi na gaba, inda Kano ke da nata rufaffun ƙofofi da nata dattawan da ba a gama jin bakinsu ba.